Injin gazuwal ko injin lantarki: wane ya dace da jirgin ruwa mai filafilai?

1. Gabatarwa

Jirgin ruwa mai filafilai iska ce ke tura shi, amma ana sa masa ƙaramin inji don fita da shiga tasha, da lokacin da iska ta kwanta, da lokacin haɗari, wato sa'ad da iska ko igiyar ruwa ke jan jirgi zuwa duwatsun gaɓa. Manufar wannan ƙasida ita ce kwatanta injin gazuwal da na lantarki ta fuskar makamashi, nauyi, nisan tafiya da tsaron rai.

2. Taƙaitaccen tarihi

Lantarki ya riga gazuwal shiga ruwa. A 1839 Moritz von Jacobi ya tuƙa kwalekwale mai injin lantarki a kogin Neba, cikin birnin San Fitasbag na Rasha. A 1859 Gaston Planté ya ƙirƙiro batir na dalma, kuma a 1881 Gustave Trouvé ya gwada kwalekwalensa na lantarki a kogin Sen, cikin Paris. Injin Rudolf Diesel kuwa sai a 1897 ya yi aiki sosai. Duk da haka shi ya mamaye jiragen ruwa a ƙarni na 20. Batir na litiyom, wanda kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991, shi ya sake buɗe muhawarar.

3. Lissafin makamashi

Lita ɗaya ta gazuwal tana ɗauke da kimanin kilowat-awa 10. Ƙaramin injin jirgi yana juya wajen kashi 30 cikin 100 na wannan zuwa motsi, sauran ya tafi a zafi da hayaƙi. Injin lantarki yana juya kusan kashi 90 cikin 100. Ta wannan fuska lantarki ne a gaba, amma matsalarsa tana wurin ajiya: kilo ɗaya na batir na dalma yana riƙe wat-awa 30 zuwa 40, na litiyom irin wanda ake sa wa jirage kuwa wajen wat-awa 100.

Mu ɗauki misalin jirgin da ke buƙatar kilowat 6 don ya yi kilomita 9 a awa. Tankin lita 100, wanda nauyin man cikinsa bai kai kilo 90 ba, zai kai kilowat-awa 300 ga farfela, wato tafiyar awa 50, ko kilomita 450. Kafin batir ya ba da daidai wannan, sai an tara kilowat-awa 330: fiye da tan 3 na litiyom, ko fiye da tan 9 na dalma. Ƙaramin jirgi ba ya ɗaukar wannan kaya. Abin da zai iya ɗauka, a ce kilo 200 na litiyom, kilowat-awa 20 ke nan, kuma zai ƙare cikin awa 3, bayan kilomita 27.

4. Dokar gudu

Wani abu yana rage wannan tazara. Ƙarfin da jirgi ke buƙata yana ƙaruwa kusan daidai da gudunsa idan aka ninka gudun da kansa sau uku. Saboda haka in aka rage gudu zuwa rabi, buƙata takan sauka zuwa wajen kashi 1 cikin 8. A misalinmu batir ɗin nan zai yi awa 24, ya ci kimanin kilomita 108, wato ninki huɗu. Amma wannan lissafi na ruwa mai kwanciya ne. Idan iska da raƙuman ruwa suna gaban jirgi, rage gudu ba zaɓi ba ne. A mashigin Raz Blanchard, kusa da gaɓar Normandi, igiyar ruwa takan wuce kilomita 18 a awa lokacin babbar cikowar teku. Matuƙin da ya kuskure lokacin shiga irin wannan wuri zai buƙaci inji na awowi da yawa, kuma batir da ya ƙare ba a cika shi daga jarka.

5. Sake cika batir a teku

Hanyoyi biyu ne manya. Ta farko allon hasken rana: murabba'in mita ɗaya yakan ba da kimanin kilowat-awa 1 a yini mai rana. Murabba'in mita 3 ke nan zai biya tafiyar rabin awa kawai a kilowat 6. Ta biyu farfela kanta: lokacin da iska ke tura jirgi, ruwa yana juya ta, injin ya zama janareto. Wannan hanya sai da gudu take amfani. Jirgi mai nawa kaɗan yake samu. Shi ya sa Conrad Colman ya iya kammala tseren Vendée Globe na 2016-2017, kewayen duniya shi kaɗai cikin kwana 110, ba tare da ƙona man fetur ko gazuwal ba: jirginsa na tsere ne, mai gudu ƙwarai.

6. Kulawa da kuɗi

Injin gazuwal yana buƙatar canjin baƙin mai da matatai, da kula da famfon ruwan sanyaya; man da ya daɗe a tanki kuma yakan gurɓace ya toshe bututu. Amfaninsa shi ne makanikai da kayan gyaran Yanmar ko Volvo Penta suna samuwa a yawancin tashoshi. Injin lantarki, irin na Torqeedo a Jamus ko Oceanvolt a Finlan, ba shi da ƙara ko wari, sassansa masu motsi kaɗan ne, kuma yana ba da ƙarfi nan take. Sai dai kuɗin sayensa ya fi yawa, batir yana tsufa, ruwan gishiri yana cin wayoyi, gyaran na'urorinsa kuma sai ƙwararre.

7. Kammalawa

Zaɓi ya danganta da irin tafiyar. Wanda ke fita da safe ya komo tasha mai wuta da yamma, ko ke yawo a tabki, lantarki ya ishe shi. A tabkin Königssee na Jamus jiragen fasinja na lantarki suna aiki tun 1909. Wanda ke ƙetare teku ko bin gaɓa mai igiya, gazuwal ne ke ba shi ajiyar da ke ceton rai. Akwai masu haɗa biyun, su sa injin lantarki da ƙaramin janareton gazuwal, sai dai nauyi da kuɗi su ƙaru. Tambayar da ta kamaci matuƙi ita ce: awa nawa zai buƙaci inji a rana mafi muni? Amsarta ce za ta nuna masa girman tanki ko nauyin batir.