Sabuwar kwamfuta a cinya, kwalin magani a ƙarƙashin gado

Ranar da aka dawo da maƙwabcina daga asibiti, layinmu ya cika kamar ana suna. Kwana goma sha ɗaya ya yi a kwance bayan shanyewar ɓarin jiki ta same shi a shagonsa, yana tsakiyar buga wa wata ɗaliba kundin kammala karatu. Hannun dama ya saki, baki ya karkace, magana ta dagule. Mutum ne ɗan shekara 47, sana'arsa buga takardu da kwamfuta a kusa da wata babbar makaranta a Kano, kuma da ita yake ciyar da mutum takwas.

Da likita zai sallame shi, abu uku ya ɗora masa: ya sha maganin hawan jini kullum ba fashi, ya riƙa zuwa sashen fisiyo sau biyu a mako don motsa gaɓoɓi, ya kuma dawo a ranar da aka rubuta masa a auna jininsa. Dangi da abokan sana'a suka yi karo-karo, aka haɗa kuɗi masu kauri aka damƙa masa, kowa na cewa ga na magani.

Bayan kamar mako shida na shiga dubiya da la'asar. Na tarar da shi a kan gado, ya jingina da filo biyu, wuya a lanƙwashe, ga wata laftof sabuwa fil a cinyarsa, ko ledar bayanta bai gama ɓarewa ba. Ya tarye ni da fara'a, ya ce, "Malam, zo ka sa albarka. An ce mini tsohuwar ta gama yayi, Windows ɗinta ya mutu tun Oktoba." Na yi masa fatan alheri. Uwargidansa da ta kawo mini ruwa ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce a hankali, "Malam, don Allah ka tambaye shi maganinsa." Na tambaya. Ya miƙa hannun hagu ƙarƙashin gado ya jawo kwalin, babu ko ƙwaya ɗaya a ciki, kuma mako biyu ke nan da ƙarewarsa. Fisiyo kuwa sau uku ya je ya daina, wai kuɗin adaidaita sahu ya yi yawa. Ya rufe maganar da cewa, "Ai na warke. An auna a kemis, jinin ya sauka."

Wallahi ban san lokacin da muryata ta ɗaga ba. Mutumin da ya ga kuɗin adaidaita ya yi masa tsada shi ne ya ƙirgo kuɗin kwamfuta lakadan, daga cikin kuɗin da mutane suka hana cikinsu suka tara masa don ya rayu. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ba shi kaɗai ba ne. Wannan ɗabi'ar ta zama ruwan dare a cikinmu. Muna ɗaukar takardar sallama daga asibiti tamkar shaidar warkewa, alhali asibiti ya kashe wutar da ta tashi ne kawai, gyaran gidan da ya ƙone yana nan yana jiran mai shi, kuma aiki ne na kullum.

Bari in tsaya a kan wannan kalma ta "jinin ya sauka", don ita ce ke kai mutanenmu kushewa. Jinin ya sauka ne saboda maganin yana aiki. Magungunan hawan jini irin su amlodipine da lisinopril ba sa kawar da ciwon kamar yadda maganin zazzaɓin cizon sauro ke yi a kwana uku. Riƙe jinin suke yi, ranar da ka sake su shi ma sai ya saki. Ga shi kuma ciwo ne marar sallama: mutum zai iya yawo da awon da ya haura 140 bisa 90 shekara da shekaru, ba ciwon kai ba jiri, yana cin tuwonsa yana zuwa kasuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce manya fiye da biliyan guda ne ke da hawan jini a duniya, kuma kusan rabinsu ba su ma san suna da shi ba. Wani babban bincike mai suna SIREN da likitocin Najeriya da Ghana suka gudanar, wanda asibitocin Kano da Zariya suka shiga cikinsa, ya nuna a sakamakon da aka wallafa a 2018 cewa babu abin da ya kama ƙafar hawan jini wajen jawo shanyewar ɓarin jiki a wannan yanki namu. Wanda kuma ciwon ya taɓa kamawa sau ɗaya ya fi kowa zama cikin haɗarin ya maimaita masa, musamman a watannin farko. To wane irin ganganci ne mutum ya tsallake rijiya da baya, sannan ya dawo bakinta ya shimfiɗa tabarma?

Idan tsadar magani ce ta hana, a faɗa wa likita. Sau da yawa akwai wani mai sauƙin kuɗi da zai yi aiki iri ɗaya. Idan maganin ne ke kumbura ƙafa ko sa tari, wanda kan faru da wasu, shi ma a koma a faɗa, a canza. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne mutum ya yanke wa kansa hukunci a ɗaka, ko ya bar mai kemis ya zame masa likita. Kuma duk gidan da ke da irin wannan majinyaci ya kamata a ce akwai na'urar awon jini ta hannu da ɗan littafin da ake rubuta awon safe da yamma. Kuɗinta bai wuce na jakar da maƙwabcina ya saya wa kwamfutarsa ba, in ma ya fi, da kaɗan ne.

Sai batun fisiyo, wanda mutanenmu ke rainawa suna cewa ai motsa jiki ne kawai. Ɓangaren ƙwaƙwalwar da ciwon ya lalata ba ya dawowa, amma sauran sassan kan koyi ɗaukar aikinsa, kuma ba sa koyo sai da maimaici, kamar yadda yaro ke koyon rubutun allo. Mafi yawan wannan ci gaban a watanni uku zuwa shida na farko ake samunsa. Ana ci gaba da samun sauƙi bayan nan, amma a hankali. Maƙwabcina ya ɗauki waɗannan watanni masu daraja ya ba wa hannun hagu, yana latsa kwamfuta da shi, ya bar na dama a kan cinya kamar ba nasa ba. Hannun da aka yi watsi da shi kuwa ƙara sandarewa yake yi.

Aikin da ake nema a gida ba wani abin a zo a gani ba ne. Majinyaci ya ɓalle maɓallin rigarsa da kansa ko da zai ɗauki minti goma. Ya riƙe cokali da hannun da ya yi rauni. Ya ja carbi da shi. Ya taka daga ɗaki zuwa zaure da wani a gefensa, gobe ya ƙara taku biyar. Iyali kuma su danne tausayi, su daina yi masa komai, domin wani tausayin nakasa yake haifarwa. Abu ɗaya da zan ja kunne a kai: kada a taɓa ɗaga shi ta hanyar jan hannun da ya shanye, kafaɗar na iya gocewa ta bar shi da ciwon da zai daɗe yana fama da shi. A kuma san cewa gajiya mai tsanani tana cikin ciwon. In ya ce ya gaji da hantsi, ba lalaci ba ne, a bar shi ya kwanta.

'Yan dubiya ma ba zan ƙyale mu ba, har da ni. Mukan cika ɗaki tun safe har dare, mu hana majinyaci barci, kowa da maganin da ya ji an ce. Wannan ya zo da kilishi, wancan da tsire, wata ta aiko da farfesu da aka zuba wa dunƙule huɗu wai don bakinsa ya buɗe. Gishirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda babba ya ci a yini bai kai giram 5 ba, wato kamar cikin ƙaramin cokalin shayi, kuma wannan lissafin ya haɗa da na cikin dunƙule da burodi da taliyar leda. Addu'a kowa na bukatarta, majinyaci ma ya fi kowa. Amma wanda ya zo ya ce a ajiye maganin asibiti a koma ga jarkar da ake tallarta da lasifika a bayan mota, a yi masa godiya a raka shi ƙofa.

Kada a ce ina gaba da kwamfutar. Da ita mutumin nan ke cin abinci, kuma komawa sana'a na cikin abin da ke tayar da majinyaci daga baƙin ciki, wanda shi ma ciwo ne da ke yawan biyo bayan shanyewar jiki. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Abin da nake ƙi shi ne gaggawa da kuma jin maganar 'yan talla. Gaskiya ne kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, amma ma'anar hakan ita ce an daina aiko da sabbin gyare-gyaren tsaro na kyauta. Kwamfutar ba ta mutu ba. Wanda aikinsa buga takardu ne zai iya lallaɓawa da ita wata uku ko huɗu har ya ji ƙarfin jikinsa, in dai yana kaffa-kaffa da intanet da filashin mutane. In nauyi take yi, sau da yawa sauya mata ma'ajiya zuwa SSD da ƙara mata ram ya isa, a kan kuɗin da bai kai rabin na sabuwa ba. Wanda kuma ya tashi sayen 'yar Beljiyam ya duba da kyau, domin Windows 11 ba ya karɓar yawancin na'urorin Intel da suka gaza zubi na 8, kada ya sayi abin da ya gudu daga gare shi.

In lokacin sauyin ya yi, to majinyaci ya zaɓa da la'akari da jikinsa. Mara nauyi, wadda zai iya ɗauka da hannu ɗaya ba tare da ya yi tangal-tangal ba. A ɗora ta a tebur, shi kuma ya zauna a kujera mai majingini, ƙafafu a ƙasa. Gado wurin barci ne. A ɗaga fuskarta daidai ido da 'yan littattafai, a haɗa mata allon rubutu na daban, wanda ya fi faɗi kuma ya fi sauƙin latsawa. A cikin Windows akwai wani tsari mai suna Sticky Keys, ana kunna shi da latsa Shift sau biyar a jere, yana ba mai hannu ɗaya damar latsa maɓallan haɗi ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma madubin ƙara girman rubutu ga wanda ganinsa ya raunana. Duk minti 20 a ɗauke ido daga fuskar kwamfutar a kalli nesa, a kuma tashi a taka. Tsawon zaman da za a yi a yini kuwa, a tambayi mai fisiyo, shi ya san inda jikin ya kai.

Duk wannan na faɗa wa maƙwabcina a ranar, ya ce in sha Allah. Washegari ɗansa ya sayo maganin mako ɗaya, aka sha, aka sake yin shiru. Lokacin kuwa ya zo daidai da lokacin da ɗalibai ke rububin miƙa kundi, aiki ya yi ta shigowa ta WhatsApp, shi kuma yana ta karɓa don ya mayar da kuɗin kwamfutar. Yakan kai ƙarfe ɗaya na dare yana bugu da hannu ɗaya. Wani dare uwargidansa ta ji yana kiranta amma ba ta gane abin da yake cewa. Ta kunna fitila ta ga bakin ya sake karkacewa.

A nan ma sai da aka so a yi ta'asa. Wani ɗan uwa ya ce a ba shi asfirin, wata ta ce a ɗura masa ruwan tofi, wani ya ce a bari gari ya waye. Duk ukun kuskure ne. Shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce: ko jijiya ta toshe, ko ta fashe jini ya zuba a ƙwaƙwalwa, kuma ba mai iya bambance su da ido sai an yi hoton kai. Asfirin ga wanda jijiyarsa ta fashe ƙara zubar jinin yake yi. Ɗura ruwa ko abinci ga wanda haɗiyarsa ta lalace na iya tura shi huhu. Jira kuwa shi ne mafi muni, domin allurar da ke narkar da gudan jini, a inda ake da ita, cikin awa huɗu da rabi na farko take amfani. Da zarar an ga fuska ta karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta dagule, a duba agogo a riƙe lokacin, a kwantar da shi ta gefe, a nufi babban asibiti, ko da alamun sun wuce bayan 'yan mintuna. Allah ya sa babban ɗansa ya yi ta maza, ya buga ƙofar mai mota a layinmu, aka tafi a daren.

Ya rayu, alhamdu lillahi, amma wannan karon ƙafar dama ma ta taɓu, yanzu da sanda yake takawa. Kuɗin kwanciya ta biyu sai da aka sayar da injin fotokwafin shagon aka biya. Kwamfutar tana nan, an ɗora ta a wani ɗan tebur a falo, ɗansa ne ke buga aikin ɗalibai da ita in ya dawo daga makaranta. Shi kuma bayan la'asar yakan zauna a gabanta na minti goma sha biyar, yana koya wa yatsun dama latsa haruffan sunansa. Kwalin maganin ya bar ƙarƙashin gado, yana hannun uwargida, ita ke ƙirga ƙwayoyin duk ranar Juma'a.