Kujerar Gwarzo da Kabo: Wa ke riƙe da wuƙar raba ta?

Duk lokacin da aka taso da zancen gyaran tsarin mulki a Abuja, wata magana takan biyo baya har majalisun hira na Gammo da Garo da Getso: wai an kusa raba Kabo da Gwarzo, kowace ta samu ɗan majalisar tarayya nata. Mai kawo labarin yakan ƙara da cewa wani babba ne ya sa baki, ai tunda muna da namu a sama, aiki ya gama. Wannan ƙarin shi ne ke damuna, domin yana koya wa mutane cewa mazaɓa kyauta ce da ake roƙa a falon manya, kamar rijiyar burtsatse ko taransifoma. Tarihin kujerun Kano bai nuna haka ba.

A zaɓen tarayya na 12 ga Disamba 1959, majalisar wakilai na da kujeru 312, Arewa na da 174 daga ciki. Shi ne karo na farko da talakan Arewa ya jefa ƙuri'arsa kai tsaye a zaɓen tarayya, kuma maza kaɗai, don matan Arewa sai a ƙarshen shekarun 1970 suka samu wannan dama. Kafin nan, a 1954, zaɓe hawa-hawa ake yi ta hannun wakilai, tsarin da ya fi yi wa masu goyon bayan sarauta daɗi, kuma a cikinsa ne Maitama Sule na NPC ya kayar da Malam Aminu Kano. Da aka zo 1959, aka bar mutane da akwati, sai Malam ya ci kujerar da ake kira Kano ta Gabas a ƙarƙashin NEPU, ya tafi Legas. Da yake jam'iyyarsa na ƙawance da NCNC, ita kuma ta shiga gwamnatin haɗin gwiwa da NPC, sai ga jagoran 'yan sawaba a ɓangaren gwamnati, har da muƙamin mai tsawatarwa.

Kujerar ba ta daɗe a hannunsa ba. A zaɓen 30 ga Disamba 1964, wanda ƙawancen UPGA ya yi kiran a ƙaurace masa a ƙurarren lokaci, Alhaji Mahmud Dantata na NPC ya karɓe ta. Bayan shekara guda da 'yan kwanaki, sojoji suka yi juyin mulki ranar 15 ga Janairu 1966, aka rufe majalisar, Kano ta Gabas ta tafi ke nan. Yau ko ka zagaye ofishin hukumar zaɓe da fitila ba za ka samu mazaɓar tarayya mai wannan suna ba. Kujerar da Malam Aminu Kano ya zauna a kai ke nan. In akwai mazaɓar da alfarma za ta tsare, ai ita ce.

Da farar hula suka dawo a 1979, sai aka sake zane daga farko. Majalisar wakilai ta zama mai kujeru 449, tsohuwar Jihar Kano, wadda ta haɗa da Jigawa ta yau, ta samu 46, PRP ta kwashe 39, NPN ta tsira da 7. Majalisar jiha kuwa ninki uku ce, kujeru 138. Wannan taswira ma zaɓe biyu kawai ta gani, rigimar ɓangarorin PRP na santsi da taɓo ta cinye mafi yawan zamaninta, sannan juyin mulkin 31 ga Disamba 1983 ya naɗe ta. A 1992, zamanin SDP da NRC, gwamnatin Babangida ta bi wata hanya dabam: kowace ƙaramar hukuma ta zama mazaɓar tarayya mai zaman kanta, kujeru suka kai 593. Ina jin daga nan ne dattawa da yawa suka riƙe cewa kowace ƙaramar hukuma na da haƙƙin wakili nata a Abuja. Sun ga hakan da idonsu, ba ƙarya suke yi ba. Sai dai majalisar ba ta cika shekara guda tana zama ba Abacha ya rusa ta a Nuwamba 1993, tsarin kuma ya bi ta.

Taswirar da muke zaɓe da ita yanzu an zana ta ne a 1996, a hannun hukumar zaɓe ta zamanin Abacha, bisa ƙidayar 1991. Ita ce ta ba Kano kujeru 24 a kan ƙananan hukumomi 44. Takwas suka samu kujera su kaɗai: Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Tarauni, Nasarawa, Kumbotso da Bichi. Sha biyu aka haɗa su uku-uku, kamar Dawakin Tofa da Tofa da Rimin Gado. Sauran ashirin da huɗu aka haɗa su biyu-biyu, a nan Gwarzo da Kabo suka faɗo, kamar yadda maƙwabtanmu Karaye da Rogo suka haɗu, haka Shanono da Bagwai. Tun daga zaɓen 1999 ba a gusar da layi ko ɗaya ba.

To, me zai hana a ƙara mana? Sashe na 49 na tsarin mulkin 1999 ya ƙayyade cewa 'yan majalisar wakilai 360 ne. Ka ɗauka gonar gado ce da aka riga aka raba wa magada, aka kafa gamba a kowace iyaka. Gonar ba ta ƙara faɗi don iyali sun ƙaru. Duk wanda ya ce a ƙara masa kadada, to gambar wani za a tumɓuke, kuma wannan wanin yana zaune a wurin rabon, da bakinsa da ƙuri'arsa. Kujera ta 25 ga Kano na nufin wata jiha ta rasa ɗaya. Kujera ta musamman ga Kabo a cikin 24 ɗin na nufin a haɗe wasu mazaɓu biyu na Kano su koma ɗaya. Hanya ta uku ita ce a faɗaɗa gonar, wato a gyara sashe na 49, abin da ke buƙatar kashi biyu bisa uku na kowace majalisa a Abuja da amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36. Sa bakin mutum ɗaya, komai girmansa, bai kai nan ba.

Wuƙar yankan mazaɓa kuma a hannun INEC take, sashe na 71 ne ya ba ta. Sashe na 72 ya ce yawan jama'ar kowace mazaɓa ya yi kusa da na sauran gwargwadon iko. Idan ta yanka, sai majalisun tarayya biyu sun amince, kuma sabon zanen ba zai fara aiki ba sai wa'adin majalisar da ke zaune ya ƙare. Gwamna ba shi da hurumi a ciki. Haka nan ƙarin rumfunan zaɓe da aka yi a 2021, wanda ya kai su 176,846 a faɗin ƙasa, rage cunkoson layi ya yi, bai taɓa iyakar wata mazaɓa ba, ko da yake mutane da dama sun ɗauka farkon raba kujeru ne. Duba katin zaɓenka da kyau: lambobin da ke jere a kansa na jiha ne, da ƙaramar hukuma, da gunduma, da rumfa. Na Kano yana farawa da 19. Sunan mazaɓar tarayya ba ya kan katin, sai ranar zaɓe ka gan shi a saman takardar ƙuri'a.

Yanzu a zo kan lissafi, inda nake so masu yaɗa jita-jitar su tsaya su saurara. Ƙidayar 2006 ta ba Najeriya mutum miliyan 140 da ɗoriya. Raba su gida 360, kowace kujera ta tashi da kusan mutum 390,000. Kano na da kusan miliyan 9.4, raba su 24, ka sake samun kusan 390,000. Ashe a wannan ma'auni rabon jihar bai yi nisa da daidai ba, matsalar a cikin gida take. Gwarzo na da mutum kusan 184,000, Kabo kusan 154,000, jimilla kusan 338,000. Mazaɓarmu ba ta ma cika mudun ba, balle a ce ta yi ambaliya har a raba ta biyu. Ƙaramar Hukumar Nasarawa ita kaɗai ta doshi 600,000 da wakili ɗaya. Ungogo da Minjibir a haɗe sun haura 580,000. A ɗaya gefen, Fagge na wajen 200,000, Tarauni ta ɗan haura 220,000, kowace da cikakkiyar kujera. Ƙuri'ar mutumin Fagge ta yi nauyin ta mutum uku a Nasarawa, alhali titi ne kawai ya raba su.

Saboda haka ranar da za a yi gyaran gaskiya, waɗanda za su ƙaru su ne unguwannin gefen birni da suka cika suka batse, irin su Rimin Kebe da Bachirawa da Rijiyar Zaki. Waɗanda za su shiga fargaba su ne ƙananan kujerun tsakiyar birni, kuma ba mamaki wata daga cikinsu ta bi sahun Kano ta Gabas. Gwarzo da Kabo, in an bi adadi, za su ci gaba da zama tare. Wannan ba ya rage wa yankin komai a siyasa. Daga nan Bello Hayatu Gwarzo ya wakilci Kano ta Arewa a majalisar dattawa, Abdullahi Tijjani Gwarzo ya yi mataimakin gwamna daga 2007 zuwa 2011, Barau Jibrin, ɗan Kabo, ya zama mataimakin shugaban majalisar dattawa a 2023, shi da ya fara shiga majalisar wakilai a 1999 ta kujerar Tarauni. A majalisar jiha ma, inda tsarin mulki ya tsayar da iyaka a kujeru 40, Gwarzo na da tata, Kabo na da tata, yayin da Kura da Garun Malam, ko Tofa da Rimin Gado, ke raba ɗaya.

Inda nake ganin gazawar hukuma shi ne sashe na 73. Ya ce a sake duba mazaɓu bayan tsawon lokacin da bai gaza shekara goma ba, ya kuma ba da damar gyara bayan sabuwar ƙidaya. Bai sa ranar ƙarshe ba, sai aka fake a wannan giɓi. An yi ƙidaya a 2006, ba a yi amfani da ita wajen gyara layi ba. Wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Su kuma 'yan majalisar da za su amince da sabon zane su ne waɗanda kujerunsu za su iya ɓacewa a cikinsa, don haka ba wanda ke gaggawa. Yaron da aka haifa a Gammo shekarar da aka zana taswirar nan yanzu magidanci ne da 'ya'yansa a makaranta, kuma har yau ana raba masa wakilci da adadin mutanen da aka ƙirga shekara biyar kafin a haife shi.