Ƙarar Salansa Ba Ita Ce Ƙarfin Mota Ba

Da zarar an shiga lokacin bukukuwa, ko ɗalibai sun gama jarrabawar ƙarshe, sai tsohuwar muhawara ta dawo sabuwa fil a gidajen rediyo da majalisun unguwa: samarin nan masu wujijjiga mota a shataletale har taya ta yi hayaƙi, a kama su ne ko a ƙyale su? Iyaye suna Allah wadai, samari suna cewa wasa ne da duniya ta san da shi. Amma akwai maganar da ɓangarorin biyu suka haɗiye ba tare da sun tauna ba, wai motocin nan masu ruri an ƙara musu ƙarfi ne. Yawancinsu ba a ƙara musu komai ba. Salansa aka yanke, aka fasa indomi, aka manna sitika a gilashin baya.

Indomin nan wata tukunyar ƙarfe ce a jikin bututun salansa. Cikinta wani dutse ne mai dubban ƙananan ramuka, an shafe shi da ƙarafa masu ɗan karen tsada: filatinam, faladiyam da rodiyam. Aikinta ta rage gubar hayaƙi kafin ya iso hancin mai talla a bakin titi, kuma tun 1975 aka fara sa ta a motocin Amurka. A garejinmu kuwa, bakanike zai kwance ta, ya kafa ta a ƙasa, ya ɗauko rodi da guduma ya yi ta sara har dutsen ya zube gari-gari, yaron shago ya tattare a leda. Mai mota yana tsaye yana murmushi, domin an ce masa yanzu motarsa za ta numfasa, ta rage shan mai. Ba ya tambayar inda ledar ta nufa. 'Yan gwangwan suna sayen garin nan da tsada, saboda shi ne ma ɓarayi a Landan da biranen Amurka suke rarrafawa ƙarƙashin motoci cikin dare da zarto.

Camfin dai ba daga sama ya faɗo ba. Motar Beljiyam da ta daɗe tana shan baƙin mai, indominta kan toshe, har ta riƙa nishi a kan ƙaramar gada. Idan aka fasa sai ta dawo hayyacinta, mai ita ya yi ta rantsuwa an ƙara masa ƙarfi, alhali abinsa ne da ya ɓata aka mayar masa. Wadda indominta ke lafiya lau, ribar da za ta samu ba ta taka kara ta karya ba, ƙafar direba ma ba za ta ji bambanci ba. Kunnensa ne zai ji, kunne kuwa ya iya yaudara. Daga nan sai fitilar gargaɗi ta kama, saboda na'urar da ke shinshinar hayaƙi a bayan indomi ta kai ƙara wurin kwamfutar mota. Sai a samo baƙin salatif a liƙe fitilar, a ce an gyara.

Mai son sanin inda ƙarfin inji yake, ya leƙa maƙera. Maƙeri ba ya samun jan wuta da tula gawayi kawai. Sai yaro ya zauna yana zuga. Gawayi ya yi yawa ba iska, hayaƙi za a sha. Inji ma haka yake: kowane kilo ɗaya na fetur yana buƙatar iska kilo 14.7 kafin ya ƙone sarai. Ƙara mai abu ne mai sauƙi, iskar ce aiki, domin inji yana da iyakar abin da yake iya zuƙa da kansa. Tarbo shi ne zugazugin. Hayaƙin da ke fita ya juya wata ƙaramar farfela, ita kuma ta juya 'yar'uwarta mai danna iska cikin inji da ƙarfin tsiya. Wani injiniya ɗan Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar dabarar tun 1905. Sai dai kowane maƙeri ya san idan aka matsa zuga aka yi sakaci, ƙarfen da ake son ya yi ja narkewa zai yi. Iskar da aka matse zafi take ɗauka, dole a bi da ita ta wani lagireto nata na daban ta huce. In ba haka ba, mai ya riƙa fashewa da kansa ba bisa ƙa'ida ba, fistin ya huje, inji ya buga.

Japanawa sun mayar da sha'awar ƙara wa mota ƙarfi sana'a, kuma kamfanoninsu ne suka buɗe ƙofar. Daga 1989 zuwa 2004 masu ƙera motoci a Japan sun yi yarjejeniyar fatar baki cewa babu motar da za a tallata a cikin gida da ƙarfin da ya wuce doki 280. Sai suka riƙa ƙera injuna masu ƙwarin da ya fi haka nesa ba kusa ba, suna daƙile su. Nissan Skyline GT-R ta 1989, mai inji lita 2.6, ta shiga tsere 29 a gasar ƙasar ta cinye duka. Toyota Supra ta 1993 tana ɗauke da injin 2JZ, lita 3, silinda shida a jere, tarbo biyu, gangar jikinsa zubin baƙin ƙarfe. A Japan an rubuta mata 280, a Amurka an sayar da ita da 320. Kamfanoni irin su HKS suka gano cewa injin nan zai iya jure ninkin abin da aka rubuta masa. Fim ɗin The Fast and the Furious na 2001 shi ya kai labarin har gidajen kallo na unguwanninmu, kuma Supra mai ruwan lemo da aka yi fim ɗin da ita an yi gwanjonta a kan dala 550,000 a 2021.

Abin da fim bai nuna ba shi ne jerin gwanon kashe kuɗi. Ka sa babban tarbo, nozul ɗin da ke fesa mai sun yi kaɗan. Ka canza su, famfon mai ya gaza. Ka canza shi, kuloci ya fara zamewa, bayansa giyabos na jiran nasa rabon. Sannan a ɗaure motar a kan wasu nadin ƙarfe masu auna ƙarfi, gwani ya zauna da kwamfuta yana daidaita yawan mai da lokacin tartsatsin fulogi, kaɗan-kaɗan, kunnensa na kan inji.

A nan ne masu kwaikwayo daga waya suke faɗawa rami. Fetur yana da ma'aunin jure matsi da ake kira oktan. Mai tsada na Japan yana kaiwa wajen 100, namu na gidan mai wajen 91 ne, idan ma an yi sa'a ba a yi masa algus ba. Ba a manta da man da aka shigo da shi Najeriya a farkon 2022 mai yawan metanol ba. Saitin kwamfutar da aka tsara don man Japan da sanyin Japan, a ɗora shi a motar da za ta yi yawo a Kano cikin watan Afrilu, zafi ya kai 40, an cire mata tamostat, an cika lagireto da ruwan rijiya, ai ƙarshenta sai an je kasuwar Ƙofar Ruwa neman wani injin.

Ko da ƙarfin ya samu, lissafinsa ba ya tafiya yadda ake zato. Iska tana tare mota, kuma idan ana son ninka gudu sau biyu, ƙarfin da ake buƙata don keta ta ninkawa yake wajen sau takwas. Shi ya sa Bugatti Veyron ta 2005 sai da ta tara doki 1,001 kafin ta kai kilomita 407 a awa. Tsayawa ma tana da nata lissafin: gudu ya ninka biyu, tazarar birki ta ninka huɗu. Mai gudun 120 yana cin mita 33 a kowace daƙiƙa, tun kafin ƙafarsa ta bar totur. Don haka masu abin na gaske da taya da birki suke farawa. Paul Walker, jarumin fim ɗin can, ya mutu a Kalifoniya a Nuwamban 2013 cikin Porsche Carrera GT da abokinsa ke tuƙawa; masu bincike suka ce gudu ne ya yi yawa, kuma tayoyin sun shekara tara. Shekarun taya a rubuce suke a gefenta, lambobi huɗu: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Mutum nawa ne cikin masu sayen tayar Beljiyam suke sunkuyawa su duba?

Kada a ɗauka a ƙasashen waje ma sakin mara ake yi. A 1998 Kazuhiko Nagata, mai kamfanin Top Secret, ya kai Supra ɗinsa Ingila ya taka ta har kilomita 317 a awa a kan babbar hanyar A1(M) cikin dare. Ya kwana a hannun 'yan sanda, aka ci shi tara, aka hana shi tuƙi a ƙasar kwana 28. Bambancin shi ne an tanadar wa masu sha'awar inda za su je. Japan tana da filin Tsukuba, Jamus tana da Nürburgring mai tsawon kusan kilomita 21, inda mutum zai biya kuɗi ya shiga da motarsa. Kuma Bajamushen da ya yi wa mota babban sauyi sai masu duba lafiyar motoci irin su TÜV sun amince an shigar a takardunta, in ba haka ba izinin hawanta titi ya faɗi.

Mu kuwa dokarmu ta ce kilomita 100 a awa ga ƙaramar mota a babbar hanya, sai a yi ta kame na mako guda duk lokacin da aka take wani a wurin biki. Jami'in da ke bakin titi zai tsayar da mota mai ruri, ba indomi, taya ta suɗe har waya ta leƙo, ya zagaya ta tsaf, sannan ya ce a buɗe but ya ga abin kashe gobara.