Ofishin Ɗan Majalisar Wakilan Amurka: Doka a Washinton, Koke-koke a Gida

Majalisar Wakilai ta Amurka tana da kujeru 435, adadin da wata doka ta 1929 ta tsayar, kuma bisa ƙidayar jama'a ta 2020 kowace kujera tana wakiltar kimanin mutum 760,000. Wa'adin wakili shekara biyu ne kacal, saɓanin huɗu da ake yi a Najeriya, wadda ta ari tsarin shugaba mai cikakken iko daga Amurka a 1979, don haka kafin tawadar rantsuwa ta bushe zaɓe na gaba ya riga ya leƙo. Ofishin wakili ya rabu gida biyu, ɗaya a birnin Washinton domin aikin doka, ɗaya a mazaɓa domin sauraron jama'a.

Ofishin Washinton yana cikin ɗaya daga gine-gine uku da ke kusa da ginin majalisa, wato Cannon da Longworth da Rayburn, kuma doka ta ba wakili damar ɗaukar ma'aikatan dindindin har 18, waɗanda yake biya daga kason kuɗin gudanarwa da ake ware masa duk shekara, daban da albashinsa na dala 174,000 wanda bai motsa ba tun 2009. Shugaban ma'aikata ne ke riƙe da ragama, a ƙarƙashinsa akwai mai kula da harkokin doka da mataimaka waɗanda kowanne aka damƙa masa fannoni kamar noma ko lafiya ko tsaro, yawancinsu matasa ne da ba su daɗe da barin jami'a ba.

Idan wakili yana son gabatar da ƙuduri, ba shi ne ke zama ya tsara sassansa ba, mataimakinsa ne ke kai manufar ga lauyoyin majalisa da ba sa bin kowace jam'iyya, su zuba ta cikin harshen shari'a, sannan a nemi sa hannun wasu wakilai a matsayin masu mara baya. Daga nan a jefa takardar cikin wani akwatin katako da ke gefen teburin magatakarda, a ba ta lamba, a tura ta kwamiti, inda mafi yawan ƙudurori ke kwanciya har wa'adi ya ƙare, domin cikin fiye da dubu goma da ake gabatarwa a zaurukan majalisar dokokin ƙasar guda biyu cikin shekara biyu, 'yan ɗaruruwa ne ke zama doka. Ranar ƙuri'a ƙararrawa ce ke kaɗawa a ofisoshi, wakili ya bi hanyar ƙarƙashin ƙasa zuwa zaure, ya zura katinsa a na'ura cikin minti 15 da aka saba bayarwa, sau da yawa da takarda shafi guda a aljihu wadda mataimaki ya taƙaita masa ƙudurin da bai samu sukunin karantawa ba.

Aikin mazaɓa bai cika fitowa a labarai ba, amma shi ne talaka ke gani da idonsa. Tsohon soja da haƙƙinsa ya maƙale a ma'aikatar tsofaffin sojoji, da gwauruwa da aka dakatar da kuɗin fanshonta, da mai tafiya jibi wanda fasfonsa bai fito ba, duk ofishin wakili suke nufa. Haka ma Bahaushen da ya zama ɗan ƙasa yake zaune a unguwar Bronx ta birnin New York, wanda takardun bizar matarsa suka yi shiru a ofishin jakadancin Amurka na Legas ko Akra. Abu na farko da ma'aikaci zai miƙa masa shi ne takardar amincewa ya sa hannu, domin dokar kare sirri ta 1974 ta hana hukumomin tarayya buɗe fayil ɗin mutum ga wani ba da izininsa a rubuce ba, ko da mai tambayar ɗan majalisa ne. Bayan haka sai a rubuta wa sashe na musamman da manyan hukumomi suka keɓe domin amsa tambayoyin 'yan majalisa.

Ƙarfin wannan wasiƙa yana da iyaka da ya kamata a fahimta. Wakili ba ya iya umartar hukuma ta ba da biza ko ta biya kuɗi, ƙa'idojin ɗa'a ma sun hana shi yin barazana, abin da yake iya yi shi ne ya tambayi inda fayil ya tsaya, ya nemi a sake dubawa, ya samo amsa a rubuce. Sai dai hukumar da ta san majalisa ce ke yanka mata kasafi ba ta wasa da irin wannan tambaya, shi ya sa fayil ɗin da ya yi wata shida yana shan ƙura kan motsa. Mai karatu da ya saba ganin layin masu neman kuɗin asibiti da na makaranta a ƙofar ɗan majalisa zai lura cewa a nan ba a raba ko sisi, domin doka ba ta yarda a taɓa kason ofis don kyauta ba. Abin da ya yi kama da ayyukan mazaɓu na Najeriya shi ne kuɗin da wakili ke nema wa wata gada ko asibiti cikin kasafi, tsarin da aka dakatar a 2011 saboda zargin almundahana, aka dawo da shi a 2021 bisa sharaɗin bayyana kowace buƙata a fili.

Masanin siyasa Morris Fiorina ya yi wata hujja mai ɗaci a littafinsa na 1977, cewa 'yan majalisa su ne ke kafa hukumomi masu sarƙaƙiya, sannan su dawo su ci moriyar yabon kuɓutar da jama'a daga hannunsu, domin ƙuri'a kan haraji ko zubar da ciki dole ta ɓata wa wasu rai, amma fito da fasfo ba ya haifar da maƙiyi. Richard Fenno, wanda ya bi wakilai zuwa mazaɓunsu a shekarun 1970, ya lura cewa Amurkawa na zagin majalisa amma suna son nasu wakilin. A yawancin zaɓukan shekarun baya-bayan nan fiye da kashi 90 cikin 100 na wakilan da suka sake tsayawa sun koma kujerunsu, ko da yake yadda jam'iyyu ke shata iyakokin mazaɓu don amfanin kansu yana da nasa babban kaso a wannan adadi.