RTX 3060 ko RTX 4060: Wanne Ya Dace da Wutar Jega da Zafin Aliero?

Duk mai haɗa bidiyon biki a Jega, ko ɗalibin da ke zanen gini da injina a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, ya san lokacin da kwamfuta ke soma gardama. Hoto ya daskare, fanka ta hau gurnani, aikin da aka yi alkawarin miƙawa da la'asar ya kai bayan isha'i. Sau da yawa matsalar daga katin hoto take, wato allon da ke ɗaukar nauyin zana duk abin da ido ke gani a fuskar kwamfuta. Cikin katunan da masu matsakaicin aljihu ke yawan tambaya akwai biyu na kamfanin NVIDIA na Amurka: RTX 3060 da ya fito a Fabrairun 2021 kan dala 329, da ƙanensa RTX 4060 da ya biyo baya a Yunin 2023 kan dala 299.

Wanda ya dubi takardarsu a karon farko zai ɗaure kai, domin tsohon ya fi sabon a wurare da dama. RTX 3060 na da ƙananan injinan lissafi 3,584, sabon kuwa 3,072. Ƙwaƙwalwar tsohon gigabayit 12 ce, ta sabon 8. Hanyar da bayanai ke bi zuwa ƙwaƙwalwar tana da faɗin bit 192 a tsohon, tana wuce da gigabayit 360 a daƙiƙa, ta sabon kuwa bit 128 ce mai wuce da 272.

To me ya sa sabon ya fi gudu? Mu je wurin lodin albasa a Aliero. Injinan lissafin nan su ne 'yan dako, ƙwaƙwalwar ita ce filin da aka jibge buhuna, faɗin hanya kuma shi ne yawan mutanen da za su iya wucewa kafaɗa da kafaɗa. 'Yan dakon 4060 ba su kai na yayansa yawa ba, amma sun fi zafin nama, sannan an tara musu buhuna a gindin mota, ba sai sun riƙa komawa fili kowane lokaci ba. Wannan tarin na kusa wata 'yar ma'ajiya ce a cikin katin, megabayit 24 a sabon, 3 kacal a tsohon. Shi ya sa masu gwaji suka samu 4060 ya fi da wajen kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari a yawancin wasannin kwamfuta, in dai fuskar kwamfutar matsakaiciya ce. Yana kuma iya matse bidiyo da tsarin AV1, wanda ke rage nauyin fayil ba tare da hoton ya lalace ba, abin da 3060 ba ya yi. Ga mai tura aiki da datar waya, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Amma a ganina, lambar da ta fi shafar mutumin Jega ko Maiyama ba ta gudu ba ce, ta wuta ce. RTX 3060 na shan wat 170 idan aiki ya yi nauyi, 4060 kuwa 115. Masu gwajin Turai da Amurka kan ambaci wannan a gurguje su wuce, don su ba su san jiran NEPA ba. A nan kuwa, inda shago ke rayuwa kan janareta da sola, bambancin wat 55 kuɗi ne tsaba. A yi lissafi: awa takwas na aiki mai nauyi, bambancin ya kai wat-awa 440. Batirin inbata da aka saba gani, mai bolt 12 da amfiya-awa 200, yana ɗauke da wat-awa 2,400, kuma masana na ba da shawarar kada a sha fiye da rabinsa in ana son ya yi ƙarko. Ke nan abin da tsohon katin ke ƙarawa ya haura sulusin abin da batiri ɗaya ke iya bayarwa.

Wutar da kati ya sha kuma zafi take komawa. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kebbi ke haura digiri 40, a leƙa cikin kwamfutar da ta sha ƙurar hunturu ba a share ba: za a ga ƙura ta yi dandaɓa tsakanin ƙarafan sanyaya kamar auduga, fanka na juyawa amma iska ba ta ratsawa. Idan kati ya ji zafi ya yi yawa, da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. Kati mai ƙarancin shan wuta ya fi jure wannan hali.

Duk da haka ban yarda a raina 3060 ba. Ƙwaƙwalwar katin hoto a manne take, ba a ƙara ta bayan saye. Ɗalibin da ke son gwada manhajojin ƙirƙirarriyar basira a kan kwamfutarsa, ko mai gina babban zane a manhajar Blender, zai tarar cewa idan aiki ya fi gigabayit 8, ko dai ya koma tafiyar hawainiya ko ya ƙi tashi ɗungum. A nan gigabayit 12 ke nuna amfaninta, kuma saurin 4060 ba zai cece shi ba. Ga irin wannan ɗalibi, tsohon nake zaɓa masa. Ga mai sitidiyon hoto da bidiyon suna da ɗaurin aure, da mai gidan wasan kwamfuta, sabon ya fi.

Inda aka fi cutar mutane shi ne wajen suna. Akwai RTX 3060 mai gigabayit 8 da aka fitar a ƙarshen 2022, hanyarsa bit 128, kuma bai kai na asalin ƙarfi ba, alhali sunan ɗaya ne a jikin kwali. RTX 3060 ɗin da ke cikin kwamfutar tafi-da-gidanka kuwa gigabayit 6 gare shi. Mai shago zai ce maka, "Malam, 3060 ne, ka ɗauka kawai," bai kuma yi ƙarya ba. Kai ne za ka ce, "Alhaji, mai giga nawa?"

Sai batun na hannu. Bayan da aka daina amfani da katunan hoto wajen haƙar kuɗin intanet na Ethereum a Satumban 2022, katuna masu ɗimbin yawa da suka yi aiki dare da rana sun kwararo kasuwannin duniya, kuma 'yan zamanin 3060 na cikinsu. Shi 4060 ya fito bayan an watse. Ba kowane na hannu ne ya gaji ba, amma kada a biya kuɗi sai an jona shi. A sa manhajar GPU-Z, kyauta ce, ta nuna ainihin sunan katin da girman ƙwaƙwalwarsa da faɗin hanyarsa. Sannan a ba shi aiki mai nauyi na wajen rabin awa a gaban mai shagon, ana kallon ma'aunin zafi, ana sauraren fanka ko tana ƙara.