Abin da majalisar Amurka ta nufa da karrama shugaban NATO

A ranar 3 ga Afrilun 2019, Jens Stoltenberg, tsohon firaministan Norway da ya jagoranci ƙungiyar tsaro ta NATO daga 2014 zuwa 2024, ya tsaya gaban 'yan majalisar dattawa da na wakilai na Amurka a zaure ɗaya ya yi musu jawabi. Kafin shi, babu sakatare janar na ƙungiyar da aka taɓa ba wannan dama. Kakakin majalisar wakilai ta lokacin, Nancy Pelosi, da jagoran masu rinjaye a majalisar dattawa na lokacin, Mitch McConnell, waɗanda ba sa ga maciji da juna a siyasa, su ne suka haɗa kai suka gayyace shi ya yi jawabin ana gobe ƙungiyar za ta cika shekara 70. Baƙon aka tafa wa, amma hannunka mai sanda ake yi wa Shugaba Donald Trump, wanda ya sha cewa ƙawayen Turai sun bar wa Amurka ɗawainiyar tsaronsu.

Wani zai ce tafi da miƙewa tsaye ba sa ɗaure kowa, biki ne da ake watsewa. Da haka abin ya tsaya, da ya yi gaskiya. Sai dai tun a watan Janairun shekarar, majalisar wakilai ta amince, da ƙuri'a 357 kan 22, da ƙudurin hana kashe kuɗin gwamnati wajen ficewa daga NATO. A Disambar 2023 kuma aka kafa doka cewa shugaban ƙasa ba zai fitar da Amurka daga ƙungiyar ba sai da yardar kashi biyu cikin uku na dattawa ko da dokar majalisa. Da wannan ya kamata a auna irin wannan girmamawa: wace doka ta biyo bayanta?

Ƙorafi mafi nauyi daga wajenmu a Afirka yake fitowa. A 2011, Stoltenberg na kan mulki lokacin da jiragen yaƙin Norway suka shiga luguden wutar da NATO ta yi a Libiya. Bayan faɗuwar shugaban Libiya Gaddafi, makaman rumbunansa suka kwararo Mali da Nijar, kuma har yau Sahel na ɗanɗana kuɗarta. Majalisar da ke riƙe da lalitar mafi ƙarfin soja a ƙawancen tana da hurumin yabon wanda ya riƙe shi, tana kuma da nauyin bin kadin ɓarnar da yaƙin Libiya ya bari a ƙasashen da ba a nemi shawararsu ba.