Ɗaurin ƙafa mai kumburi: magani ne in an iya shi

Ƙafa ita ce jarin manomi. In ta kumbura da damina, gona ce za ta kwana cikin haki. Shi ya sa yau za mu yi bayani kan wata dabara ta likita: naɗe ƙafa da bandeji mai roba.

Jini na sauka ƙafa cikin sauƙi, amma komawarsa zuciya hawa ne. Naman sharaɓa ke tura shi sama duk lokacin da muka yi taku. Cikin jijiyoyi akwai ƴan ƙofofi masu hana shi komowa ƙasa. In suka lalace, jini ya kwanta, ƙafa ta kumbura, wani lokaci gyambo ya buɗe kusa da idon sawu. Shi kuwa tundurmi, wanda sauro ke yaɗa tsutsarsa, hanyar ruwan jiki yake ɓatawa. Bandeji na matse naman a hankali, ya taimaki jini da ruwa su hau.

Ga yadda ake ɗaurin. Da safe ake yi, kafin kumburi ya taru. A wanke ƙafa da sabulu, a tsane ta har tsakanin yatsu. A fara daga gindin yatsu, a rufe dunduniya, a hau zuwa ƙarƙashin gwiwa. Kowane zagaye ya rufe rabin na baya. Matsi ya fi yawa wajen idon sawu, ya riƙa raguwa zuwa sama. A bar yatsu waje, don su ne shaida.

In yatsu suka yi sanyi, ko suka canza launi, ko suka daina ji, ko zafi ya ƙaru, a kwance nan take. Ɗaurin da ya tare jini na iya kashe nama, har a kai ga yanke ƙafa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Kada a ɗaure ƙafar da ta ɗau zafi tare da zazzaɓi. Mai ciwon sukari da mai ciwon zuciya kada su ɗaura sai da izinin likita. Mu duka ma, mu bari ma'aikacin lafiya ya duba ƙafar, ya gwada mana ɗaurin farko.

Bandeji ba ya aiki shi kaɗai. Mu riƙa tafiya, mu sa takalmi, in mun kwanta mu ɗora ƙafar bisa matashi.